Minti Biyar da Yaya Ta Rufe Min Baki

Ranar da haƙorana suka guje ni, ina tsakiyar sanarwa ne a lasifikar tasha. "Motar ƙarfe tara saura mutum biyu," na ce, sai atishawa. Haƙoran robar da na shekara shida ina lallaɓawa suka yi tsalle ta taga, suka dira gaban mai wankin mota. Na manta lasifika a buɗe take, na kwarma ihu: "Kar ka taka!" Duk tashar ta ɗaga ƙafa.

An yi dariya, har da ni. Amma dasashina na ƙasa ya riga ya lotse, ba robar da za ta ƙara zama a kansa. Maganata ta koma ta mai tauna auduga. Manaja ya ɗauke ni daga lasifikar da na riƙe shekara ashirin da biyu, ya ce ya ba ni wata shida: ko in dawo da baki, ko in zauna a gida.

Likita ya dasa min kusoshin ƙarfe shida a ƙashin muƙamuƙi, aka jira wata huɗu ƙashi ya kama su. Sauran aikin ya faɗa hannun mai haɗa haƙoran asibitin, wadda kuma yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

Yaya ta shekara talatin a ɗakin baya na asibitin nan, tsakanin ƙurar filasta da ƙarar injin goge haƙori. Da wankin faranti ta fara. Maganarta a rana ba ta cika cokali, kamar ni na cinye rabonta. Ta cika bakin mutane ɗari-ɗari, ita kuwa giɓin nata na gefe yana nan tun muna yara. In ka tambaye ta sai ta ce, "Layi bai zo kaina ba."

Ita ta yi min bayani. Haƙoran duka jere ɗaya ne a haɗe, kuma dole su hau kusoshin shida lokaci guda. "Haƙorin Allah yana ɗan motsi, yana yafiya. Kusa ba ta yafiya. In awo ya kauce da kaurin gashi, sai ta ci ƙashin da ke riƙe da ita."

Awon farko, suka cika min baki da wani ƙulli mai kama da danƙo, aka ce in yi shiru minti biyar ya daskare. A minti na biyu likita ya yi tuntuɓe da waya. To, ni ɗin ne zan ga wannan in ƙyale? Kalma uku kacal na faɗa. Bayan sati biyu aka kawo haƙoran. Yaya tana da gwajinta: ta ɗaure kusa ɗaya ta can ƙarshe, ta zuba wa ɗaya ƙarshen ido. Ya ɗaga kamar murfin tukunya. Ta cire.

Awo na biyu, likita ya gwada da kyamara. Amma dasashi ba haƙori fili ne fetal, ko'ina iri ɗaya, kyamarar ta ɓace kamar baƙon direba. Haƙoran da aka haɗa da wannan awon su ma suka ɗaga.

Sannan likita ya zaunar da ni. Kusa ta shida, ta can baya, ƙashinta siriri ne, ɗaurewa da kwancewa sun fara gajiyar da ita. In awo na uku ya kauce, sai a cire ta, a yi dashen ƙashi, shekara guda ba baki. Ga wa'adin manaja saura sati uku. Na nemi abin barkwanci a kaina, na rasa.

Ran awon, Yaya ta zo da zare. Ta ɗaura wa kowace kusa ɗan guntun ƙarfe, ta sarƙe su da zaren, ta bi shi da jan gam har suka zama abu ɗaya. Ta yanka tsakaninsu da siririn zarto, ta sake liƙewa, don gam yana jan jiki in ya bushe.

"Yaya, wallahi ina tsoron bakina."

"Ni ma, Aku. Buɗe."

Ƙullin ya shiga. Sai ta ja kujera, ta riƙe min haɓa, ta fara magana. Yaya fa!

Ta ce shekarar da Baba ya rasu ta ci jarrabawar shiga makarantar likitanci. Takardar tana ƙasan akwatinta har yau. Ta zo nan wankin faranti ne don a bar ni a aji. Giɓin nan kuma ba faɗuwa ta yi ba, kamar yadda ta gaya wa Inna. Ranar da na tsokani ɗan mahauci da bakina, ya ɗauko dutse, ita ta shiga tsakani.

Magana ta cika min ƙirji har wuya. Hawaye na gangarawa cikin kunnena, yatsunta sun danne haɓata kamar filaya. Ban san lokacin da minti biyar suka wuce ba.

Bayan kwana goma sha biyu aka kawo haƙoran. Ta ɗaure kusa ɗaya. Likita ya sunkuyo, ita ta kafe ɗaya ƙarshen da ido, ta zura siririn ƙarfe tana neman kafa. Ta daɗe. Ba ta samu kafa ba, sai ta ɗaure sauran kusoshin biyar.

Kalmar farko da ta fita fes daga sabon bakina ita ce, "Yaya." Na ce, "Me ya sa ba ki taɓa gaya min ba, duk shekarun nan?"

Tana wanke hannu, ko juyowa ba ta yi ba.

"Yaushe ka yi shiru? Sai da na zuba maka siminti a baki na samu layi."