Malama Mai Sassauta Harshe

A tashar jirgin ƙasa ta birnin Groningen wata dattijuwa na zaune, rigar ruwanta na ɗiga, tana cin burodi da cuku. Da ganin jan biron da ke soke a gashinta, ta daɗe tana koya wa 'yan jami'a Turancin bincike. Ɗalibinta, dogo zanƙalele, na tsaye a gabanta; gobe zai kare kundin digirinsa, ga shi a ciki ya rubuta ƙarara cewa farfesan da zai jarraba shi ya tafka shirme.

"Sjoerd, da Turanci ba a faɗin haka. Cewa ake, mai yiwuwa a sake dubawa."

"To Malama, zan ci?"

Ta amsa da Turanci, "Alamu na nuna wataƙila..."

"Da yarenmu, don Allah."

Ta gutsiri burodinta. "In ka bar shi haka, ka faɗi warwas."