Kawu Illa da Shafin Albasarmu

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin intanet na Kawu Illa, nan bayan tashar Ƙonni, ya san ƙirgarsa. Da zarar ka danna shafi sai ya zo ya tsaya bayanka, hannuwa a goye, ya fara da ƙarfi: ɗaya, biyu, uku. In ya kai talatin shafin bai buɗe ba, sai ya miƙa hannu ta kan kafaɗarka ya rufe shi, ya ce, "Wanga ba shi da tarbiyya." Kai da ka zo da buƙatarka, sai ka nemi wani.

Kawu Illa ƙanen mahaifiyata Hajo ne. Ya daɗe yana gyaran wuta a kamfanin siminti na Malbaza, da ya ajiye aiki sai ya sayi ordinatar, wato kwamfuta, uku tsofaffi da ƙaramin gurup, wato janareta, ya buɗe ɗakin nan. Ni kuwa sakataren ƙungiyarmu ta manoman albasa ne. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina son abu bisa tsari. Don haka zan kawo labarin bi da bi, ko da yake har yau rabinsa ban gane shi ba.

Na farko, maganar jandarma. Kawu ya toshe hotuna a ordinatocinsa duka, rubutu kawai ke fitowa. Ran nan wani jandarma ya zo duba labarin ƙwallo, ya ga shafin fayau. Ya kira Kawu da mushe, wato malam a bakin masu Faransanci.

"Mushe Illa, ina hotunan?"

"Ci nawa kaka nema, ko huskar mai cin?"

"Duka biyu!"

"To ci biyu da ɗaya na. Huskar kuwa irin taka ta, hanci guda, ido biyu."

Jandarma ya fita yana huci. Washegari ya dawo, don a garin nan babu inda labari ke fitowa da sauri kamar wurin Kawu.

Na biyu, maganar hayaƙi. Na taɓa tambayarsa abin da hotuna suka yi masa. Sai ya ja ni bayan ɗaki inda gurup ke ta kuka, ya ce in sunkuya in shaƙa. Na shaƙa, na yi tari.

"Ka ji? Hoto na ka shaƙa."

"Kawu, isansi ne, man fetur."

"Shi na nika gaya maka! Shafi kaya na, waya ko jaki ta. In an labta mishi kaya sai shi daɗe bisa hanya, in ya daɗe gurup shi sha isansi, mu sha hayaƙi. Kuma ba nawa kaɗai ba. Can bayan teku akwai gidaje cike da injuna, ba su kwana, ana ta yi musu hihita. Duk hoton da ka buɗe nan, can ma sai an ƙona wani abu."

Na ce, "To abin da ba ya da jiki, ta yaya yake da nauyi?"

Ya dube ni da tausayi ya ce, "Ɗan Hajo, kai dai riƙe albasarka."

Ba nan ya tsaya ba. In shafi ya wuce talatin, sai ya nemo adireshin masu shi, ko a wace ƙasa suke, ya rubuta musu wasiƙa da Faransanci, ya gaishe su da iyalinsu, sannan ya ce su ji tsoron Allah su rage kaya. Ban taɓa jin wanda ya amsa ba. Shi dai cewa yake kunya ce ta hana su.

Na uku shi ne babba, don shi ya shafi abincinmu. A wata shekara albasa ta yi kyau har ta yi yawa. Muka cika rudu, wato rumbunan karan da muke ajiye ta, masu saye kuwa suka yi ƙaranci. Kowa ya san in damina ta kama ta a rudu, laima ta shige ta, ruɓewa za ta yi. Sai ƙungiya ta yanke a yi mana shafi a intanet, ko Allah zai sa wani ɗan kasuwa na bakin teku ya gan mu. Ni na kawo sunan Kawu.

Shugabanmu Alhaji Mamman ya zo da sharuɗɗa. Hotonsa a sama da babbar riga. Ƙarƙashinsa ƴan kwamiti goma sha ɗaya, kowa girman hotonsa daidai da girman matsayinsa. Sannan a fara da gaisuwa cikakkiya, ta manya da ƙanana, don ba a shiga gidan mutane a fara da ciniki. Na zaci gaisuwar Kawu zai fara yankewa. Ina!

"Gaisuwa? Ku yi har ta gajiya da ta sanyi. Magana ba ta da nauyi. Amma hoto guda za ni sa."

Alhaji ya gyara zama ya ce, "Madalla, nawa ya isa."

"Na albasa, Alhaji. Kai muka saidawa?"

Kai! Ranar sai da na raka Alhaji har gida ina ba shi haƙuri. Bai haƙura ba. Ya aika wa ɗan ƙanensa da ke aiki a Yamai, aka yi masa wani shafin, mai tuta tana kaɗawa, mai kiɗa, mai hotuna goma sha biyu cif. Aka ce kwamiti ya zo ya ga duka biyun ya zaɓa.

Muka taru a ɗakin Kawu da hantsi. Wuta ta ɗauke, aka tada gurup. Kawu ya buɗe wa hotuna hanya, ya ce adalci ne. Aka danna duka biyu lokaci ɗaya. Kafin ya ce shida, namu ya fito: gaisuwa, irin albasar, ƙauyen da take, lambar salula ta, da ƴar albasa guda ja a gefe. Na Yamai kuwa fari fat. Can wajen arba'in sai wani abu ya fara saukowa daga sama, layi layi. Muka matsa. Hular Alhaji ce.

Wani ɗan kwamiti, Idi Gajere, ya ce, "Alhamdu lillahi, hula ta iso."

Kawu ya ce, "Mai ita na hanya. Tamanin da ɗaya, tamanin da biyu."

Goshi ya fito. Gira ta fito. Muna jiran ido sai gurup ya yi tari sau biyu ya mutu. Idi ya ce a hankali, "Alhaji, ko gira kaɗai an san kai na."

Aka jefa ƙuri'a, shida da shida, don masu son ganin fuskarsu ba su karaya ba. Ni sakatare ba na jefawa sai an yi kunnen doki, sai aka juyo gare ni. Wallahi ban san wanne ne daidai ba. Na ga dai ɗaya ya zo, ɗaya bai zo ba, na ce na Kawu. Alhaji ya ce, "To, ɗan ƴar'uwa ya yi aikinai. In ta ruɓe, ku biyu za ku cinye ta." Abin da ya samu kawai, Kawu ya yarda ya sa hotonsa a can ƙasa, ƙarami kamar ƙwayar wake.

Sati ɗaya, shiru. Sati biyu, shiru. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, iska ta fara ƙanshin ƙasa. Na daina bi ta ƙofar gidan Alhaji. Wata gwauruwa a ƙungiyarmu, Inna Tamo, mai rudu ɗaya tak, kullum sai ta tare ni ta ce, "Sakatare, injin ya yi magana?" Na je wurin Kawu na ce ko dai mu sa hotunan nan, wataƙila mutane fuska suke so su gani. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Tahi ka juya albasarka, iska shi shige ta."

A sati na uku salula ta yi ƙara. Wani Bahaushe ne daga zangon Kumasi. Ya ce ya shiga ɗakin intanet na unguwarsu ya sayi ɗan lokaci yana neman masu albasa, ya danna wurare da yawa, kafin lokacinsa ya ƙare namu kaɗai ya buɗe. Ya ce kuma ya ga gaisuwa, ya san ƴan gida ne.

Bayan kwana biyar ya iso da manyan motoci biyu. Alhaji ya fito tarbarsa da babbar rigar nan ta cikin hoto. Baƙon ya wuce shi, ya kama hannun Idi Gajere da hannu biyu yana cewa, "Ranka ya daɗe, shugaba! Yadda na gan ka a shafi, ɗan ƙarami, haka kake!"

Ba mu bari ya san kuskurensa ba sai da aka gama lodi. Rudun Inna Tamo aka fara kwashewa. Daren da motocin suka tashi aka yi ruwan farko.

Na je in yi wa Kawu godiya, na same shi ransa a ɓace. Ashe baƙon ya nuna masa shafin da ya buga a takarda, har fallaye biyu, bayansu fari. "Dibi ɓarna," in ji shi. "Da na rage gaisuwar ga."

Bai kai ƙarshen shekarar nan ba, ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Ranar sadakar uku matarsa, Inna Hadiza, ta kira ni gefe. Ta ce a cikin makonnin nan uku da muke jiran waya, kullum bayan asuba sai ya hau kekensa ya tafi garake, wato lambunan albasa, ya bi rudu ɗaya bayan ɗaya yana sa hanci, ko zai ji warin ruɓa. Ya dawo kafin mutane su fito, ya kasa karyawa. Ya ce mata in ta gaya mini bai yafe ba.

Ni da nake zaton mutumin nan bai san tsoro ba.

Inna Hadiza, ga shi na faɗa wa mutane, alhakin a wuyana. Allah ya jiƙan Kawu Illa, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa. Mu da muka ci albarkacin taurin kansa, Allah ya sa mu cika da imani.