Ɗan Farina, Angon Kakarsa

A Horo Birni na haifi ɗan farina, zamanin Turawa, tun ban san ko harafi ɗaya na boko ba. Sai da girma ya zo na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa yau nake rubuta wannan da hannuna.

A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa, ba ta rungumarsa a gaban mutane. Kunya ce, haka muka tarar. Da na yaye shi, uwar mijina ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, wanda ke kallon nawa. In zan yi maganarsa sai in ce "yaron nan".

Lafiya lau aka haife shi. Bayan yaye ne gashinsa ya fara zubewa, har gira. Jijiyoyi suka fito ruɗu-ruɗu a kansa, fatarsa ta yamutse, hanci ya tsuke. Yana ci, ba ya girma. Amma wajen wayo da baki ya fi sa'o'insa nesa.

Kakarsa ba ta fasa yi masa wasan jika ba. Takan ce, "Angona, yanzu kam mun yi daidai. Kai ba gashi, ni ba haƙora."

Shi kuma ya ce da 'yar siririyar muryarsa, "Ni ban son tsohuwa. Budurwa za ni nema kasuwar Shagari."

"Wa ka son ka da wanga sanƙo?"

"Ke mana!"

Ina daka ina jin su, kaina a sunkuye, dariyar a cikina take tsayawa.

An sha rubutu, an yi turare, an jiƙa saiwoyi. Daga baya mahaifinsa ya ɗora shi a jaki muka tafi Bodinga wurin disfensa. Mutumin ya daɗe yana dubansa, sannan ya tambayi wace ce uwarsa. Na kau da kai. Kaka ce ta nuna ni da haɓa. Ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba, jikin yaron tsufa yake yi da sauri, kuma shi ba shi da maganinsa. Ya ba mu man kifi muka dawo.

Gwiwoyinsa suka sanƙare. In ya taka daga ɗaki zuwa bakin murhu sai ya zauna yana haki, ya dafe ƙirji. A lokacin ina goyon ƙanwarsa, ina kiran sunanta, ina yi mata tawai, shi kuwa yana zaune a tabarma yana kallonmu. Tsoro ya kama ni, kada ya tafi yana zaton ba na sonsa.

Wata rana lokacin cirar albasa, gida duk an watse fadama. Kaka ta leƙo ta ce, "Ɗiyata, bayana na ciwo. Riƙa min mijin nan nawa, za ni barka Dandin Mahe, sai la'asar." Mai ciwon baya ce za ta yi wannan tafiya a ƙasa? Ta saki asabari ta fita.

Na kwantar da ƙanwarsa, na goya shi. Bai fi ta nauyi ba. Ina jin ƙasusuwansa a bayana, da numfashinsa a wuyana. Na zagaya ɗaki, na sake zagayawa. Can na kira sunansa a hankali.

Sai ya ce, "Ashe kin sani."

"Na sani."

"Ƙara faɗi."

Na yi ta faɗi har barci ya ɗauke shi.

Bai ga damina ba. Ranar da Allah Ya karɓi abinsa, mata suka cika ɗakin kaka suna yi mata gaisuwa, don ita ce mai rashi. Ni na riƙa ɗebo musu ruwa.