Sunan da Inna Ta Ƙi Faɗa

Shekara takwas ke nan da muka binne Yaya Irimiya, kuma har damina ta bana mahaifiyarmu ba ta taɓa kiran sunansa ba. Shi ne ɗan farinta. A wurinmu, Kirista ko Musulmi, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kuma yi masa kuka a gaban mutane. Ni Ladi ƙanwarsa ce, shi ya sa ake ce mata uwar Ladi, da sunana.

Yaya fasto ne a wata ƙaramar majami'a kusa da Bahindi. Da ya tafi yin digiri na biyu, sai ya haɗa tauhidin Kirista da ilimin halayyar ɗan'adam da ba da shawara. Dattawan coci sun zaci zai dawo da wa'azi mai girgiza rufin kwano. Sai ga shi ya dawo ya iya yin shiru. Nakan zolaye shi in ce an kai shi makaranta an rage masa baki.

A shekarar da ya dawo kwalekwale ya kife a kogin Kwara, ya tafi da Sahabi, ɗan farin Kulu, matar wani masunci. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, kowa ya ce mata sai haƙuri. Kulu ba ta zubar da hawaye ba. Daga baya ta daina cin abinci, ta daina magana, aka ce iska ce. Mijinta da ya rasa yadda zai yi ya kawo ta gidanmu, don ya ji ana cewa faston nan yana sauraron mutane.

Makonni suna zama a gindin mangwaro, ni ina gefe ina tsince shinkafa. Wata rana Yaya ya ce, "Inna Kulu, ni baƙo ne, ban san yaron ba. Mi as sunanai?" Sai ta faɗi sunan, ta yi kukan da ban taɓa jin irinsa ba. Ranar ta ci tuwo.

Ladan da ya samu shi ne dattawa suka kira shi. Wai ya zauna da Musulma wata da watanni bai ko buɗe mata Littafi Mai Tsarki ba, to ina amfanin karatun? Ya ce musu wanda ruwa ke ci ba a tambayarsa addininsa. Aka mayar da shi wani ƙauye a bakin iyakar Benin, inda ko asibiti babu. Can hawan jini ya kashe shi.

Yau mutanen nan su ne ke shirya taron bita kan warkar da raunin zuciya, har da hotonsa a bango. Ihu bayan hari. Da yana nan na san dariya zai yi, ya ce gara da suka koya. Ni ba ni da zuciyarsa, abin yana ci mini rai. A cikinsu ba wanda ya taɓa tako gidanmu ya tambayi yadda Inna ke kwana.

Ita kuwa ramewa take yi a gabana, irin ramar Kulu, ga shi mai maganin yana kabari. Yaya ya zame mana inuwar giginya, na nesa ka sha.

Kulu ce kaɗai ke zuwa duk shekara da ƙullin busasshen kifi. Bana ta zauna kusa da Inna ta ce, "Uwar Ladi, ni tsuhwa ta kama ni, mantuwa nika yi. Yaron nan naki da yat taimake ni, mi as sunanai?"

Kulu ba ta manta komai ba. Na tashi na ba su wuri, daga bayan danga na ji Inna ta ce, "Irimiya."

Takardar digirin tana akwati, gara ta fara cin gefenta. Abin da ya koyo kuwa bai zauna a coci ba, yana bakin wata mai sayar da kifi.