Gara ta riga mu komawa gida

Mun tashi da asuba daga Umdurman, ni da kakata, da nake kira Haboba, da baffana, za mu Jabal Awliya duba gidan da muka baro tun farkon yaƙi. Buri ɗaya gare ni: in yana nan tsaye, mu koma. Na gaji da kwanan ɗakin aro, ƙafar wani a wuyana.

Mota ta ƙi cika. Da ta cika aka faɗi kuɗi, na tambayi direba ko jirgi muka hau. Khartoum tsit, shaguna ba ƙofofi. Kusa da dam muka ci soyayyen kifi a tsaye, don na hana kowa zama.

Ashe maƙwabci ya shuka kuɓewa a tsakar gidan. Wasu ƙananan ƙwari masu sheƙi sun mai da ganyen rariya, ka kai hannu su yi tsalle. Kaka ta hau salati, ta aro toka tana barbaɗawa.

"Haboba, ganye ne fa, zai sake tsirowa. Mu ga ɗaki!"

Ranar da za mu gudu, baffa ya liƙe ƙofar ɗakin da tagarsa da laka, don ɓarayi su ɗauka bango ne. Ɓarayi kam ba su shiga ba. Yau da ya fasa lakar, sai ga suri a kusurwa, ya kai mini ƙugu. Gadon kaka na katako da igiya yana nan garau. Baffa ya zauna a kai yana cewa dabararsa ta yi, sai ga shi a ƙasa. Na zunguri itacen rufi da sanda, ta shige kamar cikin kisra, gurasarmu ta dawa.

Na ɗaga sandar zan rushe surin, kaka ta riƙe ni. "Ke! Kin san wa ke ciki?"

"Na sani, su suka cinye gadonki."

Shi ƙwaron ganye da rana yake ci, a gabanka, ya ƙoshi ya tafi ya bar maka saiwa. Gara ba ta son haske. Ta ciki take bi, ta bar maka fatar katako, ta gina gidanta cikin naka. Duhun ma mu muka ba ta.

Mun dawo Umdurman da yamma, baffa na ɗingishi, kaka da kuɓewa a gefen mayafi. Ba komawa sai an sauke rufin nan. Abin da na koyo: ɗakin da ka toshe don tsoron ɓarawo, wani ka toshe wa.