Bibi Jan ta Darrasa

Ina ɗan shekara bakwai Baba ya kawo mu Alƙahira don karatunsa, na baro kakata a Damagaram ina ta kuka. A benen da muka kama a unguwar Darrasa, maƙwabcinmu wani ɗalibi ne ɗan Afganistan, Malam Karim, da tsohuwarsa da yaƙi ya koro. Jikokinta kuwa ba su fito da rai ba. Kowa Hajja yake ce mata.

Da sanyi ya shigo, bayan magariba sai ta kunna risho, ta ɗora shayi, ta yafito ni. Larabcinta duk a karkace, wallahi rabin labarin da hannu take ba da shi.

Wanda na fi so shi ne na tsohuwar kan dutse, wadda wutarta ba ta kamawa sai jikanta ya hura. Jikan ya tafi, ƙanƙara ta rufe hanya, sanyi na neman kashe ta. Sai ga ɗan wasu matafiya ya ɓata, ya buga ƙofa. Ya durƙusa ya hura, wuta ta tashi.

Wata rana daɗi ya kwashe ni, na yi mata irin wasan da nake wa kakata. "Ke tsohuwa, kin ƙi mutuwa, kina cinye mana sukari!"

Malam Karim ya miƙe, fuska ta yi ja. "Khalas, ya isa! Kada ka sake tako ɗakin nan." Su a ƙasarsu hannun tsohuwa suke sumbata, ba sa mata irin wannan wasa. Na ga zan sake rasa kaka.

Inna ta jiyo hayaniya ta shigo a guje. "Ma'alish, yi haƙuri, Hajja. A garinmu yaro ba ya yi wa kowa wannan wasa sai kakarsa ta jini."

Tsohuwar ta sa aka maimaita mata. Sai ta murɗe min kunne tana dariya, hawaye na zuba.

"To daina ce min Hajja. *Madar kalan* ma, wato kaka a yarenmu, na manya ne. Jikokina *Bibi jan* suke cewa. Faɗi in ji."

Na faɗa. Ta ce in ƙara.

A lokacin na ɗauka ni aka yi wa gata. Sai da na girma na gane ita ma ta daɗe tana jiran bakin da zai kira ta haka. Na gode wa Allah da ya zama nawa. Daga baya suka bar Masar, ban san inda kabarinta yake ba. Kullum ina sa ta a addu'a tare da iyayena, da sunan Bibi jan ɗin nan, don ban taɓa tambayar sunanta na yanka ba.