Rugar da Ta Ɓoye Shanunta

An tashi rugar Jauro Buba daga fadamar da kakansa ya fara kiwo. Ina wurin aka yi awon. Jakunana ne suka ɗauki kayan Baturen safiyo.

Gaya

Mun fita kafin assalatu: Bature a kan doki, tafinta, dogari, masu jan sarƙar awo, sai ni. A hanya na ji tafinta yana cewa gandun daji za a yanka. Inda aka ga gona ko garke, a bar wa masu shi a taswira. Inda ba kowa, ya shiga gandu. Ba wanda ya gaya wa mutanen karkara haka. Dogari kawai suka ji yana tafe.

Hanyar yashi ce, jakuna na nutsewa. Bature ya riƙa tsayawa yana tambayar sunan itace, marke ne ko ƙirya, yana rubutawa. Muka kwana a zauren wani mai unguwa. Tuwon dawa, miya ba mai.

Ruga

Da hantsi muka isa. Jauro abokin wasana ne, ni Babarbare shi Bafulatani, mun daɗe tare. Ban ga saniya ko ɗaya ba. An share mashekarin da shanu ke kwana, an kwashe kashinsu, an ja ƙaya a kan sawu. Matarsa ta dama mana fura da ruwa.

"Bawana, ka kawo mini baƙi," in ji shi.

Na ja shi bayan bukka. "Jauro, ba jangali ba ne. Ƙasa ake aunawa. Dawo da shanun nan a gani."

"Babarbare ya fara wa'azi. Shi dogarin, ciyawa ya zo ƙirgawa?"

"Wallahi gaskiya nake gaya maka."

"Mai karɓar jangalin bara ma sai da ya rantse."

A gaban Bature tafinta ya tambaye shi ina garkensa.

"Annoba ta share su, ranka ya daɗe."

"Wa ke kiwo a fadamar nan?"

"Ba kowa. Dajin Allah ne."

Na ce, "Yana da shanu." Tafinta ya ce mai jaki ya kula da jakinsa. Bature ya duba ƙasa bai ga sawu ba, ya shafa kore a takarda, alamar gandu. Jauro bai ƙara kallona ba har muka ɗaura kaya.

Ajingi

Ran kasuwa muka shiga, a nan aka sallame ni. Bayan damina aka kafa duwatsun iyaka, fadamar da mashayar shanu duka suna cikin gandu. Jauro ya kai kuka, aka ce da bakinsa ya faɗa ba mai kiwo a wurin. In ya sake magana, laifin ɓoye shanu na jiransa. Sai ya kora garkensa gabas.

Da na ji labari, na je na tare shi a burtali.

"Jauro, sai ina?"

"Ka tona ni a gaban dogari," ya ce, ya bi shanunsa.

Na koma Gaya lafiya, na gode Allah. Na sayar da jakunan. Yanzu ina Kademi ina noman gyaɗa. Ba wanda ya zo mini da labarinsa.